Amsoshin Tambayoyinku: "Hannu ne kawai, ba a saduwa", shin tausar otal na da hatsari a lokacin annoba?

TAMBAYA: Don Allah a sakaya sunana. Ni mutumin Gaya ne, ina fataucin shanu daga kasuwar Wudil zuwa Kudu, kuma doguwar tafiya a mota ta bar ni da ciwon baya. A shekarar korona wani abokin sana'a ya kai ni wani otal inda mata ke yin tausa. Ba zan ɓoye maka ba, tausar ba ta tsaya a baya ba. Sai dai ba a saduwa, hannu ne kawai. Ana auna zafin jiki a ƙofa, mai tausar ma takan sa takunkumi. Na je ba sau ɗaya ba, ban taɓa ko tari ba. Yanzu ina jin ana maganar ƙyandar biri da mashaƙo, ga matata da tsohon ciki, ga mahaifiyata mai ciwon suga a wani ƙauye a ƙasar Ajingi, duk sanda na dawo sai na je gaishe ta. Abokina ya ce tunda ba a saduwa babu cutar da za ta kama mutum. Gaskiya ne?

AMSA: Na sakaya sunan, har sunan ƙauyen Hajiya mahaifiyarka na cire. Ka kyauta da ka faɗi abin yadda yake, ranar wanka ba a ɓoye cibi. Hukuncin keɓewa da matar da ba taka ba ka san shi tun kana makarantar allo, kuma yadda ka rubuto wasiƙar nan ya nuna zuciyarka ta riga ni yi maka wa'azi. Lafiya ka tambaya, a kanta zan tsaya.

Abokinka ya yi gaskiya a wuri ɗaya. Idan ƙanjamau yake nufi, ba ta ratsa lafiyayyar fata. Hannu a kan jikin da babu rauni, babu jini, ba hanyarta ba ce. Kuskurensa shi ne ya ɗauka duk cuta ta wannan ƙofar take shigowa, sai ya kafa gadi a can ya bar sauran a buɗe. Cututtukan da ka lissafa da bakinka, korona da mashaƙo da ƙyandar biri, babu ɗaya a cikinsu da ke jiran a sadu. Biyu a numfashi suke tafiya, ɗaya a fata.

Ka tuna ɗakin da kyau. Ƙofa a kulle, taga a rufe, labule a sake, don kada a gani. Esi yana ta juya iskar da mutum biyu suka shaƙa suka fitar. Awa guda ko fiye, fuskarta ba ta kai kamu uku daga taka ba. A lokacin korona, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk wanda ya yi minti 15 fuska da fuska da mai cutar a tazarar da ba ta wuce mita ɗaya ba, ko ya taɓa jikinsa, to a lissafa shi cikin waɗanda suka yi hulɗa da cutar, a bibiye shi. Tausa ta cika waɗannan sharuɗɗa tun kafin a buɗe kwalbar mai. Kuma ba kai kaɗai ka kwanta a gadon nan ranar ba. Wani ya riga ka, wani yana jira ka fito, kowa daga garinsa.

Na'urar nan da ake saita wa mutum a goshi kuwa, zazzaɓi kawai take gani. Mai korona yakan fara yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin jikinsa ya yi zafi, wani ma har ya warke bai san ya yi ba. Wanda ya sha farasitamol da safe zai wuce na'urar salin-alin. Takunkumi yana rage hatsari, wannan ba shakka, amma sai ku biyun kun sa, ya rufe hanci da baki, daga shiga har fita. Kai ka san ko haka aka yi.

Ka ce ba ka taɓa ko tari ba. Alhamdu lillahi. Amma rashin tari ba shaida ba ce cewa ba ka ɗauka ba, shaida ce kawai cewa jikinka na majiyi ƙarfi ya iya da ita. Mu da muka ga Kano a watan Afrilun 2020 mun san waɗanda ba su iya ba. An tabbatar da mutum na farko ranar 11 ga watan, kwanaki kaɗan gwamnatin jiha ta sa dokar kulle, ranar 27 Shugaba Buhari ya ƙara mako biyu, azumi a baki. A tsakanin nan masu haƙar kabari suka fara cewa aikin ya fi ƙarfinsu. Da aka yi bincike, ministan lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya sanar a watan Yuni cewa an ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na birnin, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 mai yiwuwa korona ce sanadi. Akasarinsu dattawa ne masu wani ciwo a jiki, irin su suga da hawan jini. Da yawansu ba sa zuwa ko'ina. Har ɗaki aka kai musu, a bakin ɗa ko jika da ya durƙusa yana gaisuwa. Shi ya sa da na karanta wasiƙarka, inda na fi tsayawa shi ne wurin Hajiya. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a sha'anin annoba sau da yawa na cikin sheƙa ne ke jiƙewa.

Ranar 5 ga Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matsayin ta-ɓaci a kan korona. Ƙwayar dai ba ta san an janye ba, tana nan tana yawo, ta dai rage kisa saboda rigakafi da garkuwar da jikin jama'a ya samu. Mashaƙo ma hanyarsa ke nan, tari da atishawa da kusantar numfashi. Tun ƙarshen 2022 ya ɓarke, kuma a duk Najeriya Kano ce ta fi ɗanɗana kuɗarsa, yara marasa rigakafi suka fi mutuwa. Babba yana iya ɗaukar ƙwayar a maƙogwaro bai ji komai ba, ya kai wa 'ya'yansa.

Yanzu ga wadda ta fi shafar tambayarka kai tsaye. Ƙyandar biri kamar don ɗakin tausa aka yi ta. Ta sake ɓulla a Najeriya a watan Satumban 2017 a jihar Bayelsa, bayan shekaru kusan arba'in ba a ji ɗuriyarta ba. A 2022 ta bazu zuwa ƙasashe sama da 100, akasari ta hanyar cuɗanyar jiki da jiki, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta-ɓaci a kanta a watan Yuli na shekarar, ta sake ayyanawa ranar 14 ga Agustan 2024. Ruwan ƙurjin da ɓawonsa su ne makamanta. Fata ta gogi fata, ta wuce. Tawul ko zanin gadon da mai ita ya kwanta a kai, shi ma ya isa. Kada ka zaci dole sai ka ga mutum ya feso tun daga fuska har tafin ƙafa kamar hotunan da ake nunawa. Wani ƙurji ɗaya ne ko biyu, a matse-matsi ko a gaba, yana kama da maruru, a ɗakin da dama an rage haske. Tana iya yin kwana 3 har zuwa 21 a jiki kafin ta bayyana da zazzaɓi da ciwon jiki da kaluluwa, wato ka gama cinikin shanunka, ka hau mota, ka tsallake gadar Wudil, ka kwana biyu a gida, kafin ka ga alama. Mai ita yana yaɗawa har sai ɓawon ya faɗi sabuwar fata ta fito, mako biyu zuwa huɗu. Yawancin manya suna warkewa. Waɗanda take yi wa mugun kamu su ne ƙananan yara, da masu raunin garkuwar jiki, da masu ciki, kuma tana iya ratsawa ta taɓa abin da ke cikin.

Tunda maganar ciki ta zo, bari in ƙara maka wata da ba a yi mata sanarwa a rediyo amma ta daɗe tana ɓarna: tunjere. Gyambonsa na farko ba ya ciwo, yakan fito kamar mako uku bayan an ɗauka, ya warke da kansa, mutum ya ce ai ƙurji ne ya wuce, alhali cutar ta shige jini. Ta hanyar taɓa gyambon kai tsaye ake ɗaukarsa. A jikin mai ciki yana jawo ɓari, ko a haifi ɗa babu rai, ko a haife shi da cutar. Abin takaicin, allurar fenisilin ce maganinsa, da an gane da wuri. Akwai kuma ƙurajen nan masu ruwa da ke fesowa a leɓe ko a gaba, su warke su dawo, da ƙazuwa, da makero, duka fata ce motarsu, ƙazuwa da makero har da tawul. Hannun da ya bi jikin mutum biyar a yini, aka goge shi da tsumma ba a wanke da sabulu ba, ba "hannu kawai" ba ne.

Sannan mu daina yaudarar juna. Ɗakin da aka shiga don hannu kawai ba kullum ake tsayawa a hannun ba, wanda ya je kusa da rijiya da santsi ya san haka. Idan ta kai ga haka, man da aka shafe jiki da shi, ko man zaitun ne ko basilin ko man kaɗanya, yana cinye kwaroron roba ya fashe cikin ɗan lokaci. A nan ƙofar da abokinka ke gadi ita ma ta buɗe.

Abin da ya fi duk waɗannan damuna shi ne sirrin. Fatake suna cuɗanya a kara, a tasha, a bayan mota, kuma a can ma ana ɗaukar cuta. Bambancin shi ne, idan ka kwanta ciwo likita ya tambaye ka ina ka je, za ka ce Wudil, za ka ce Legas, ba za ka ce otal ba. Matarka ba za ta san ya kamata a gwada ta ba. Idan mai tausar ce ta kwanta, ba ta san sunanka na gaskiya ba balle ta aiko maka. Dukan dabarar kashe annoba a kan bin sawu take, wa ya taɓa wa, yaushe. Wurin da aka gina a kan kada kowa ya sani ya share sawun tun daga ƙofa. Ita kanta yarinyar, ban ce ka tsane ta ba, ta fi ku duka zama cikin hatsari, domin numfashin kowa ita ke shaƙa, kuma ranar da ta ji zazzaɓi ba lalle ta iya zama a gida ba, kuɗin haya na jiranta.

Ciwon bayanka kuwa na gaske ne, kuma yana da masu shi. Sashen gashin ƙashi na Asibitin Ƙashi na Dala da na Asibitin Malam Aminu Kano aikinsu ke nan, namiji ɗan'uwanka zai duba ka, ya koya maka motsin da za ka riƙa yi a hanya. Ka riƙa sauka kana miƙe ƙafa duk inda mota ta tsaya. Tausa a gida, tsakaninka da iyalinka, da man zafi ko man kaɗanya, babu mai hana ka, sai dai idan ka dawo da zazzaɓi ko ƙurji, a dakata. Gargaɗi ɗaya ga masu doguwar tafiya irinka: idan sha-raɓar ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi da ciwo, kada kowa ya tausa ta. Yana iya zama gudan jini ne ya toshe jijiya, matsawa na iya tura shi huhu. Asibiti ake kai wannan, ranar.

To, amsar tambayarka: ba gaskiya ba ne, kuma shawarata ka yanke zuwa. Kafin tafiyarka ta gaba ka shiga Babban Asibitin Gaya, ko wani a birni idan kana jin nauyin idon sani, ka ce a yi maka gwajin tunjere da ƙanjamau da ciwon hanta. Ka faɗa wa likitan abin da ka faɗa mini, riƙe sirrinka wajibi ne a kansa. Idan bai kai wata uku da zuwanka na ƙarshe ba, a maimaita gwajin ƙanjamau idan ya cika. Idan ta taɓa kai ga saduwa ba kariya, akwai maganin da ke tare ƙanjamau, amma sai an fara shi cikin awa 72. Ka tabbata uwargida tana zuwa awo kuma an yi mata gwajin jinin da ake yi wa masu ciki, ka duba katin rigakafin yara ka ga allurarsu ta cika. Daga ranar zuwanka na ƙarshe ka ƙirga kwana 21 kana duba jikinka. Idan ka ga ƙurji tare da zazzaɓi ko kaluluwa, ka raba shimfiɗa da tawul, kada ka matse shi, kada ka je wurin mai kemis, ka je asibiti ko ka kira hukumar NCDC a lamba 6232, kyauta ne. Gaisuwar Hajiya a wannan makon ka yi ta a waya. Allah Ya sauki uwargida lafiya, ka sake rubuto mini idan sakamakon ya fito.