Kula da Gashin Yarinya Mai Tasowa

Wannan darasi naki ne, uwa, ko kaka, ko goggo, duk wadda take riƙon yarinya mai shekara 12 zuwa 18. Ki karanta shi tare da ita. In idonki ba ya ganin rubutu, ba ta ta karanta miki, gashin ai nata ne.

Iyaye mata sukan kawo 'ya'yansu ɗakin shan magani su ce gashin yarinya ya yi tauri, ba ya tajuwa, ba ya tsawo, a ba su magani. In muka duba, galibi gashin lafiyarsa lau. Abu biyu ne suke cinye shi: bushewa da ja.

Yadda gashinmu yake

Silin gashinmu a murɗe yake fitowa tun daga saiwa, kuma duk inda ya lanƙwasa, nan yake da rauni. Fatar kai tana fitar da maiƙonta, amma maiƙon ba ya iya bin wannan murɗe-murɗe ya kai ƙarshen gashi, shi ya sa bakin gashin yake bushewa. Gashi yana ƙaruwa kusan santimita ɗaya a wata. Idan kin ga shekara ta zagayo tsawonsa bai canja ba, ba tsayawa ya yi ba. Yana fitowa daga ƙasa, yana karyewa daga sama.

Iskar wuri ma tana da nata. Ɗauki Zongon Lome. Tun da aka tashi tsohuwar unguwar daga tsakiyar gari a 1977 aka mai da ita arewa, wajen Togblekope, mutane suna zaune ne kusa da fadamar kogin Zio. Da damina iska cike take da laima, gashi ya sha danshi ya kumbura, ya tashi buzu-buzu. A Disamba da Janairu kuma hunturu ya sauko ya busar da shi ƙayau. Wannan ba ciwo ba ne, kada ki sayi magani dominsa.

Wanki da taza

A wanke kai sau ɗaya a mako, ko a mako biyu, da shamfu ko sabulun wanka marar kaifi. Ban da sabulun soda, ban da garin sabulun wankin tufafi. Kada a taje gashi a bushe. A jiƙa shi tukuna, a raba gida huɗu ko shida, a warware ƙulle-ƙullen da yatsa, sa'an nan a sa mataji mai manyan haƙora. A fara daga bakin gashi a gangara zuwa saiwa a hankali. In kina jin ƙas-ƙas, gashi ne yake karyewa.

Man kaɗanya ya isa, haka man kwakwa ko alayyadi. Amma ki lura: mai ba ya jiƙa gashi, rufe ruwan da ke ciki yake yi. Ruwa tukuna, mai daga baya, kaɗan, a jikin gashin. Ba a cusa shi cikin fatar kai. Kuma a bar kai ya bushe kafin a ɗaura ɗankwali ko a sa hijabi. Kai mai danshi a rufe, ga zafin Lome, ƙarshensa wari da ƙaiƙayi.

Kitso

Kitso abu ne mai kyau. Yana tattara gashi, yana hana shi cukurkuɗewa. Matsalar tana wurin matsewa.

Mun saba gaya wa yarinya ta daure, wai kitson da bai yi zafi ba, ba ya daɗewa. A jajibirin Sallah za ki ga 'yammata jere a ƙofar makitsiya, suna tashi ɗaya bayan ɗaya, girarsu ta ɗage sama, ba sa iya sunkuyar da kai. Wata har sai ta sha farasitamol kafin ta yi barci. Ni dai a wurina, kitson da ya kai a sha masa magani bai cancanci ya kwana a kan yarinya ba.

Ga abin da yake faruwa. Kowane sili yana zaune cikin ɗan raminsa a fata. In aka ja shi da ƙarfi, ramin ya kumbura, ƙananan ƙuraje su fito a bin layin kitson, musamman a goshi da saman kunne, inda gashi ya fi laushi. Wani lokaci za ki ga farin abu manne a gindin silin. Da farko gashin yakan zube ya sake fitowa. Amma in aka yi ta yi shekara da shekaru, ramin ya toshe ya zama tabo, wurin ya yi sumul yana ƙyalli. Daga nan babu man da zai dawo da shi, ko nawa aka saye shi a babbar kasuwar Lome.

Likitocin fata a Cape Town, ta Afirka ta Kudu, sun duba kawunan mutane suka buga sakamakon a 2007. Cikin 'yammatan makaranta, kusan ɗaya cikin shida tana da irin wannan zubewar gashi. Cikin manyan mata, kusan ɗaya cikin uku. Wato abin da ake gani a goshin uwa, tun tana 'yar makaranta ya soma.

Saboda haka ki gaya wa makitsiya da bakinki ta sassauta hannu, ta bar ƙananan gashin goshi su huta. Yarinya ba za ta iya faɗa ba, kunya za ta hana ta yi wa babba gyara, sai dai ta yi ta hawaye. A riƙa canja salo: in wannan karon shuku ne da aka ja sama, na gaba ya zama wanda ya kwanta. Ƙarin gashin roba yana da nauyi, kada ya yi yawa, kada kuma ya wuce mako shida a kai. Bayan tsifa a bar kai ya huta kwana biyu ko uku. In kitso yana zafi har dare, a tsefe shi. Asarar kuɗin kitso ta fi asarar goshi sauƙi.

Man sakin gashi

Shi ne wanda masu shago a Lome suke ce wa defirizan, a Najeriya kuma rilaksa. Yawancinsa soda mai ƙarfi ce a ciki, dangin wadda ake dafa sabulu da ita. Wanda aka rubuta babu soda, ko aka sa hoton ƙaramar yarinya a kwalinsa, shi ma yana ƙona fata. Yana miƙar da gashi ne ta hanyar raunana shi, shi ya sa kitso mai tsauri a kan gashin da aka sa wa wannan mai ya fi kowane ɓarna. A 2022 wani bincike a Amurka kan mata fiye da 33,000 ya nuna cewa masu sa irin wannan mai fiye da sau huɗu a shekara sun fi sauran kamuwa da kansar mahaifa. Shawarata a bar shi gaba ɗaya ga yarinya. In ya riga ya ƙona ta, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta a wurin, minti 20, a kawo ta.

Wanda yake ciwo ne na gaske

Makero shi ne ake yawan ɗauka amosani. Za ki ga wuri zagaye, gashi ya kakkarye, fata ta yi fari-fari tana ɓarewa. Ya fi kama ƙananan yara, amma 'yar shekara 12 ko 13 ma tana ɗauka daga ƙannenta, ta mataji, ɗankwali, matashin kai ko tsinken kitso. Ga 'yan'uwanta maza kuma, ta injin aski. Ƙwayar cutar tana cikin silin gashi, man shafawa kaɗai ba ya kai mata. Sai an sha ƙwayar magani, irin su griseofulvin, kullum, mako shida zuwa takwas, tare da abinci mai maiƙo. Mai ciki ba ta shan sa, don haka in yarinyar tana da aure a gaya mana. Kada a zuba wa wurin man birki, kananzir ko ruwan batir. Haka kuma kada a sa fiya-fiya ko wani maganin ƙwari a kai don kwarkwata, guba ce, tana shiga ta fata.

Ki kawo ta ɗakin shan magani in kai ya kumbura yana mugunya, in kaluluwa ta fito a wuya, ko in gashi ya zube wuri guda fata ta yi sumul. In gashi yana zuba ko'ina, ga kasala, ga cikin ido ya yi fari, ki tambaye ta yawan jinin al'adarta, mai yiwuwa ƙarancin jini ne, za mu gwada. Abin da ya fi ƙarfinmu mukan tura shi wurin likitocin fata a babban asibitin Sylvanus Olympio da ke Tokoin. Ki zo da ita kai a tsefe, ba a shafa kome ba, domin mu ga fatar sosai.