Akwatin da ke tsaron injinmu: kontakter da rele

Ƴan uwa manoma, maza da mata, darasinmu na yau a kan wani ƙaramin akwatin ƙarfe ne. Ana ganinsa a bango kusa da injin niƙa mai aiki da lantarki, ko a ɗakin injin da ke cika tankin ruwan gari. Da yawa cikinmu mun san maɓallansa biyu, kore da ja. Kaɗan ne suka san abin da ke ciki.

Tun 1984, aikin raya karkara na Keita, da taimakon ƙasar Italiya da hukumar FAO, ya gina madatsun ruwa, ya haƙa rijiyoyi. Yau wutar NIGELEC tana garin Keita da Buza da Madawa. A 2018 an buɗe tashar lantarki ta hasken rana a Malbaza. Injunan da ke jawo ruwa da masu niƙa hatsi sun yawaita. Sanin yadda ake tsaron su ya zama wajibi.

A wani ƙauye da muke kewayar azuzuwan yaƙi da jahilci, injin ruwa ya riƙa tsayawa da kansa. Mai gadi ya gaji da tayar da shi. Sai ya buɗe akwatin, ya danne abin da ke ciki da ɗan icce. Injin ya yi aiki kwana biyu, ya ƙone. Ana tsakiyar bazara. Mata suka koma ɗibar ruwan tafki, yara suka kamu da zawo. Mai gadin ba mugu ba ne, rashin sani ne ya ja.

Mene ne kontakter?

Kontakter makunni ne wanda wuta kaɗan ke sarrafawa domin ya saki wuta mai yawa. A cikinsa akwai naɗin siririyar waya ta jan ƙarfe, masu gyara suna ce mata bobin. In wuta ta shiga naɗin, sai ya zama maganaɗisu, ya jawo bakunan ƙarfe su haɗu. Shi ne ƙarar "kwas" da muke ji. Daga nan wuta ta wuce zuwa inji. In wuta ta bar naɗin, bakunan su rabu, inji ya tsaya.

Amfaninsa na farko: hannunmu yana taɓa ɗan maɓalli kawai, ba ya kusantar manyan wayoyi uku masu ɗauke da bolt 380.

Amfaninsa na biyu: in mun danna kore mun saki, wani ƙaramin baki a jikin kontakter yana riƙe wutar naɗin. In aka ɗauke wuta, riƙon ya saki. Ko wuta ta dawo, injin niƙa ba zai tashi ba sai an sake danna kore. Mai niƙa da ya sa hannu yana gyaran bel cikin duhu ya tsira da yatsunsa.

Mene ne rele?

Rele ƙanen kontakter ne. Aikinsu iri ɗaya, sai dai shi da ƙaramar wuta yake aiki. Shi ke ba kontakter umurni. Iri uku muka fi gamuwa da su.

Na farko, rele na zafi. Yana manne a ƙarƙashin kontakter. A cikinsa akwai siraran ƙarafa masu tanƙwarewa in sun yi zafi. In inji yana jan wuta fiye da ƙima, sai su tanƙware su yanke wutar naɗin. Inji ya tsaya kafin ya ƙone.

Na biyu, rele na ruwa. In ruwan rijiya ya yi ƙasa, yana tsayar da inji, domin injin da ke juyawa ba ruwa lalacewa yake yi. A cikin tanki kuma akwai wani abu kamar ɗan gora mai yawo bisa ruwa. Tanki ya cika, inji ya tsaya. Ruwa ya ragu, inji ya tashi da kansa. A kula: irin wannan inji yana iya tashi ba wanda ya danna komi.

Na uku, rele na lokaci. Yana taimakon babban inji ya tashi a hankali, bayan ƴan daƙiƙoƙi ya ba shi cikakken ƙarfi.

Karatunmu yana da amfani a nan

A jikin kowane inji akwai ɗan farantin ƙarfe mai rubutu. Harafin V yana nuna ƙarfin wuta. Harafin A yana nuna yawan wutar da inji ke ja, wato ampa. Injin kilowat 4 mai wayoyi uku yana jan wajen ampa 8 zuwa 9. A jikin rele na zafi akwai ƴar da'ira mai lambobi. Mai gyara zai daidaita ta da lambar da ke kan farantin. In an murɗa ta ta wuce, rele ya zama mai gadi mai barci.

In rele ya yanke wuta, me za mu yi?

Rele ba ya yankewa banza. Mu nemi dalili.
1. Ko an cika wa injin niƙa hatsi, ko bel ya yi tsauri.
2. Ko yashi ya shiga famfo, ko ruwan rijiya ya ja baya.
3. Ko ɗaya cikin wayoyi uku ba ta kawo wuta. Alamarsa, inji yana gurnani yana zafi, ba ya juyawa sosai.
4. Ko wuta ta yi rauni. Alamarsa, kontakter yana karkarwa yana ƙara.

Mu bar inji ya huce. In mun kawar da dalilin, mu danna maɓallin mayarwa sau ɗaya. In ya sake yankewa, mu kira mai gyaran wuta wanda ya koyi aikin.

Abubuwan da za mu kiyaye

Kada mu danne kontakter da icce ko tsinke. Kada mu sa waya a maimakon abin da ya ƙone. Kada mu taɓa akwati da jiƙaƙƙen hannu. Kafin a taɓa inji, a yanke babban makunni, a kuma bar mutum yana tsaronsa. Rele na zafi inji yake karewa, ba mutum ba. Saboda haka a tabbata jikin inji da akwati suna haɗe da wayar da aka binne a ƙasa.

Murfin akwati ya zauna a rufe. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsaka da zanzaro da ƙurar hunturu suna ɓata bakunan ƙarfe.

In wuta ta kama mutum, kada mu taɓa shi da hannu. Mu yanke makunni, ko mu raba shi da waya da busasshen icce, mu kai shi likita nan take. In akwati ya kama da wuta, a yanke makunni, a zuba yashi. Kada a zuba ruwa.

Tambayoyi domin aji
1. Me ya sa injin niƙa mai kontakter ba ya tashi da kansa in wuta ta dawo?
2. Wane kuskure mai gadi ya yi?
3. Lokacin tashi, inji yakan ja wuta wajen ninki 6 na abin da ya saba. In yana jan ampa 8, nawa zai ja lokacin tashi?

Mu je da malaminmu mu karanta farantin injin garinmu, mu rubuta lambobin a littafin kwamitin ruwa. Allah ya tsare mu, ya ba mu damina mai albarka.