Zauren Lafiya: Amsoshin Wasiƙunku

Wasiƙu sun taru, lokaci kuma ba ya jira.

Ta farko daga wata baiwar Allah ce a Roni. Ta ce maigidanta ya yi wata biyu haɗiya na yi masa zafi, ga kaluluwa a wuya. An tura su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, likita ya ce za a ɗebi ɗan nama a maƙogwaronsa a gwada, shi kuwa ya ce atafau.

To Hajiya, matso masa da rediyon. Malam, buɗe baki gaban madubi ka ce "aa". Abin da ke reto a tsakiya shi ne belu. Dama da hagu kuma akwai tsoka biyu, likitoci na ce musu tonsil. Masu gadin ƙofa ne, su ke fara tarar ƙwayoyin cuta. Daga can ƙasa hanya ta rabu: ta gaba iska ce ke bi zuwa huhu, ta baya abinci. Akwai ɗan murfi mai rufe ta iskar in za ka haɗiye. In ya makara, sai ka ƙware. Masu surutu kan tuwo, kun dai ji!

Likitoci sun ce in tsoka ɗaya ta fi 'yar'uwarta girma, ko gyambo ya ƙi warkewa, ido kaɗai ba ya raba gardama. Sai an sa naman a na'ura a san ko kumburi ne kawai, ko tarin fuka, ko daji. Za a kashe zafin wurin, ko a sa ka barci. Batun wai in ƙarfe ya taɓa daji sai ya bazu, ba haka ba ne, jinkiri ne ke ba shi damar bazuwa. Haba Malam, ka koma!

Wani daga Babura yana tambayar kuɗin aikin. Wannan sai a asibitin.

Sai ta Gwiwa: a cire wa jariri belu? Kai jama'a, kowane mako sai wannan tambaya ta zo! Belu halitta ce, ba cuta ba. Muna girmama wanzamanmu, amma yankan na jawo zubar jini, aska ɗaya kuma na iya raba wa yara ciwon hanta. In yaro ya ƙi kama nono ko yana amai, a kai shi Babban Asibitin Kazaure ko asibiti mafi kusa.

Lokaci ya cimma mana, sauran sai mako mai zuwa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.