KYANWA DA SHUKE-SHUKEN GIDA

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, kowa ya san amfanin kyanwa a ƙasar Gaya da Ajingi. Ita ce mai gadin rumbu, tana hana ɓeraye ɓarnar gero da dawa da gyaɗa. To, yanzu da mutane suka soma sayo shuke-shuken ado daga birnin Kano suna jerawa a tsakar gida, ya kamata mu san wadda za ta cuci kyanwa da wadda ba za ta cuce ta ba. Zan fara da shukar nan da Turawa ke kira fan.

Fan shuka ce mai ganye kamar gashin tsuntsu. Ba ta fure, ba ta 'ya'ya, sai dai wani gari da ke fita a bayan ganyenta, da shi take yaɗuwa. Tana son inuwa da danshi, shi ya sa ta fi yawa a kurmi da tsaunukan Jos da Mambila. A nan wajenmu, inda damina ba ta wuce wata huɗu ko biyar, sai a tukunya ake ganinta.

Ƙungiyar hana zaluntar dabbobi ta Amurka, wato ASPCA, wadda aka kafa a 1866, ta sa fan ta Boston, wadda aka saba sawa a tukunya, cikin shuke-shuke marasa dafi ga kyanwa. In ta ci da yawa tana iya yin amai, amma ba ta mutuwa.

Sai dai Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Akwai wata shuka daga Afirka ta Kudu mai suna fan ta asfaragos, alhali kuwa ba fan ba ce. Ganyenta sirara ne kamar allura, tana da 'yan ƙayoyi da fararen furanni da 'ya'ya ƙanana. Kyanwar da ta ci 'ya'yan nan sai ta kama amai da zawo da ciwon ciki. Ga hanyar ganewa mai sauƙi: in kun ga fure ko 'ya'ya, to, ba fan ta gaskiya ba ce.

A ganina, babban haɗarin yana cikin abubuwan da muka saba da su. Kariya mai jan fure da tumfafiyar bayan gida duk suna da dafin da ke taɓa zuciya. Ƙwayar zurma tana kisa. Albasa da tafarnuwa, ko ɗanye ko dafaffe, suna lalata jinin kyanwa, don haka a yi hattara da sauran miya.

In kuka ga kyanwa tana dalalar da miyau, ko tana amai, ko tana tangaɗi, ku kai ta wurin malamin dabbobi nan da nan, tare da reshen shukar da kuke zargi. Kada a ba ta farasitamol, gama ƙwaya ɗaya tak tana iya kashe ta.

Saboda haka, kafin mu shigo da sabuwar shuka gida, mu tambayi sunanta, mu duba jikinta, mu rataye tukunyar inda kyanwa ba ta kaiwa. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya sa mu dace, amin.