Wace Laftof Za Ta Kai Ni Ƙarshen Karatu?

TAMBAYA: Malam, na samu gurbi a Jami'ar Jihar Zamfara da ke Talata Mafara. Wace laftof zan saya da za ta jure har in gama? Daga wani ɗalibi, Maradun.

AMSA: Ɗana, Allah ya sa albarka. Kada sheƙin sabuwa mai araha ya ruɗe ka. Nemi ta hannu daga irin waɗanda ake ƙerawa don ofisoshi, kamar ThinkPad T480 ko EliteBook 840 G5. Jikinsu na da ƙwari, kayan gyaransu kuma ba sa wuya a Kano.

Injinta ya zama Core i5 zubi na 8 ko sama, domin Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun Oktoban 2025, Windows 11 kuma ba ta karɓar mafi yawan na ƙasa da haka. RAM kada ya gaza 8GB, ma'ajiya kuma SSD mai 256GB zuwa sama. SSD ta fi sauri, ta fi jure jijjigar hanya a kan babur.

Kafin ka biya, cire caja ka ga yadda batir ke sauka, ka taɓa kowane maɓalli. Zafin bazara da ƙurar hunturu ne manyan maƙiyanta, don haka kada ka ɗora ta kan katifa ka toshe mata iska.

Ajiye aikinka wuri uku: cikin laftof, cikin filas, da Google Drive mai ba da 15GB kyauta. Ka yi haka kowace Juma'a, musamman idan ka fara rubuta furojet.