Darasi: Kula da Madatsar Ruwa ta Ƙasa

Darasinmu na wannan karo ya shafi ƙaramar madatsar ruwa, wadda muke kira baraji, irin wadda ake yi da yumɓu da aka daddanne a bakin korama domin noman rani da shayar da dabbobi. Amfaninta ba ɓoyayye ba ne, amma ruwan da ke bayanta amana ce a wuyan gari, domin in ta ɓalle, waɗanda ke gangare ne za su fara halaka. Madatsar Bagauda ta jihar Kano ta karye a watan Agusta na 1988 bayan ruwan sama mai yawa. A Satumba na 2023 kuma madatsai 2 suka ɓalle a Darna ta ƙasar Libiya, dubban mutane suka rasu.

Mu sani cewa ta hanya biyu ruwa ya fi karya irin wannan madatsa.

Ta farko: ya hau ta kanta. Ƙasa ba siminti ba ce. Da zarar ya tsallaka, sai ya zaizaye bayanta har ya tsaga ta. Saboda haka wajibi ne mafitar rarar ruwa ta kasance a buɗe. Kada a toshe ta da buhunan yashi don kwaɗayin tara ruwa, a kuma kwashe itace da rairayin da suka taru cikinta kafin damina.

Ta biyu: ya bi ta cikinta. Ramin gafiya, gidan gara da saiwar itacen da ta ruɓe duk ƙofofi ne gare shi. A bar ciyawa ta rufe jikin madatsa, amma kada a bar itace ya girma, kada garke ya yi turba a kai.

Mu lura da abin da ke tsattsafowa a gindinta. In ya ƙaru, ko ya fito da laka, to madatsa tana cinyewa daga ciki. A nan sai a kwashe mutanen gangare zuwa tudu, a buɗe bututu a rage ruwa, a sanar da hukuma. Kada a danne wurin da yumɓu. Yashi ake zubawa, sannan tsakuwa, domin ruwa ya wuce, ƙasa ta tsaya.

Daga ƙarshe, muna kira ga maigari da kwamitin manoma su naɗa mutum guda sananne da zai riƙa zagaya madatsa kowane mako, da kuma bayan kowane babban ruwa, musamman lokacin malka. A kuma amince tun yanzu a kan wanda zai yi shela da tudun da za a nufa ko da tsakar dare ne. Allah ya kiyashe mu, amin.