Dafin da ke Cikin Fumfunar Gyaɗa

Cikin shekarar 1960 wata annoba ta auka wa talo-talo a Ingila, wajen 100,000 suka mutu, ba a san dalili ba. Masana suka duƙufa bincike, har suka gane cutar daga abincinsu take, watau tunkuzar gyaɗa wadda aka kawo daga Burazil. A 1961 aka tabbata wata irin fumfuna ce ke tsira jikin gyaɗa, ita ke fid da dafin nan da ake kira afalatoksin. Hanta yake ci, ta dabba da ta mutum, suya ko dafuwa kuwa ba su kawad da shi.

Da yake gyaɗa ce arzikin Arewa a lokacin, masanan Samaru ta Zariya su ma suka shiga awo. Suka tarar gyaɗar da aka cire kan kari, kwansonta lafiya lau, ba safai take da dafin ba. Ɓarnar takan zo in gara ta huda kwanso, ko fartanya ta sare shi, ko an jibge gyaɗa da danshinta.

Saboda haka manomi ya shanya tasa ta bushe ƙayau, har ta yi kacau-kacau in an girgiza. Ɗan kasuwa kuma ya ɗora buhuna bisa katako. Ƙwayar da ta yi kore a tsince a binne, kada a ba ko kaji.